Sammako a hanyar likitanci a Amurka: abin da kwalejin al'umma ke bayarwa da abin da take karɓewa

A Amurka galibi ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda yaro zai ci jarrabawar JAMB ya wuce Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya yi shekara 6 ya fito da MBBS, zai ga abin banbaraƙwai. A can sai ɗalibi ya fara yin digirin farko na shekara 4, a kowane fanni ya ga dama, ko da tarihi ne ko kiɗa. Bayan nan ya nemi makarantar likitanci, ita ma shekara 4, sannan horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7. Wanda ya bar sakandare yana ɗan shekara 18, ko da bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sai ya doshi 30 kafin a sakar masa marasa lafiya ya duba shi kaɗai. Ga kuma kuɗi: yawancin masu kammala makarantar likitanci da bashi suke fita, kuma matsakaicin bashin yana wajen dala 200,000.

Doguwar tafiya irin wannan ita ke sa iyaye da 'ya'yansu neman yanke. Yanken da ya fi kusa da hannu shi ne kwalejin al'umma, wato makarantun nan na shekara 2 da ake samu a ko'ina cikin ƙasar, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga duk mai takardar sakandare, har ma da wanda bai gama ba. Tunanin mai sauƙi ne: tunda makarantar likitanci na neman kwasa-kwasan kimiyya, me zai hana yaro ya fara kwashe su tun yana aji na ƙarshe ko na kusa da ƙarshe a sakandare, a kan kuɗi kaɗan ko ma kyauta? A ganina dabarar tana da amfani, amma ba ta inda mutane suka fi sa rai ba, kuma haɗarinta yana ɓoye ne a wani wuri da mai shekara 16 ba ya dubawa.

Kwasa-kwasan da ake magana a kai sanannu ne: shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kemistiri na gama-gari, shekara guda ta oganik kemistiri, shekara guda ta fiziks, kowanne da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Makarantu da yawa sun ƙara bayokemistiri, wasu na son lissafi ko ƙididdiga, wasu Ingilishi. Tushen jerin ya koma 1910, lokacin da Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada, ya ce kada a ɗauki wanda bai yi aƙalla shekara 2 a kwaleji yana karanta bayoloji da kemistiri da fiziks ba. Jami'ar Johns Hopkins ya ɗauka a matsayin abin koyi. Rahoton ya gyara sana'ar, amma ya ƙuntata ƙofar: makarantu da dama suka rufe, kuma cikin makarantun likitanci 7 na baƙar fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira. Tun daga lokacin, tambayar inda ka yi kimiyyarka ta zama tambayar wane ne kai da abin da gidanku ke iya biya.

Ita kuwa kwalejin al'umma ta ɗan girmi rahoton. Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko cikin na gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, da aka kafa a 1901. Yau sun kai kusan 1,000. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne. A 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin shekara a kwalejin al'umma ga ɗan yankin yana wajen dala 4,000, a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya haura 11,000, a jami'a mai zaman kanta ya haura 40,000. A kwalejojin al'umma na Kalifoniya dala 46 ake biya kan kowane yunit, wato ma'aunin nauyin kwas. Jihohi da yawa kuma sun buɗe wa 'yan sakandare ƙofa: Minnesota ta fara nata shirin a 1985, jihar Washington na da wanda ake kira Running Start, Ohio na da College Credit Plus, kuma a irin waɗannan shirye-shirye galibi ɗalibi ba ya biyan kuɗin kwas. Abin ya bunƙasa har ta kai kusan ɗaya cikin kowane ɗalibai 5 na kwalejojin al'umma ɗan sakandare ne.

Ban da araha, akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. A manyan jami'o'i, kwas ɗin kemistiri na shekarar farko ana yin sa ne a zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma ɗaliban digiri na biyu ko na uku ne ke tsaya wa yara a ɗakin gwaje-gwaje. A kwalejin al'umma aji ƙarami ne, malamin da ya yi lakca sau da yawa shi ne zai tsaya a kanka kana auna sinadari, kuma koyarwa ce aikinsa, ba bincike ba. Yaron da ke jin nauyin ɗaga hannu cikin mutum 400 zai iya yin tambaya cikin mutum 30. Duk wanda ya ce kimiyyar kwalejin al'umma ruwa-ruwa ce ko'ina, bai zagaya ba. Akwai masu laushi, akwai masu tsauri, kamar yadda jami'o'in ma suke.

To ina matsalar?

Matsalar farko tana cikin yadda ake lissafa maki. Yawancin makarantun da ke ba da digirin likita na MD ta hanya guda ake nemansu, wato AMCAS, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC ke gudanarwa. Ƙa'idarta ita ce dole mai nema ya kawo takardar sakamako daga kowace kwaleji ko jami'ar Amurka da ya taɓa yin rajista a cikinta, har da kwas ɗin da ya ɗauka yana sakandare. Ba ruwansu da ko jami'arsa ta karɓi kwas ɗin ko ba ta karɓa ba. Duk makin da ya samu sai ya shiga GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, inda A ke da maki 4, C kuma 2. In ya faɗi ya maimaita, ba a goge na farko, duka biyun ake haɗawa. Makarantun da ke ba da digirin DO, wato ɗaya digirin likitan da ake bayarwa a Amurka, a da suna maye tsohon maki da sabo, amma sun daina tun 2017. Sannan AMCAS na ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi ta fitar musu da GPA na daban, kuma shi masu tantancewa suka fi ƙura wa ido.

A ɗauki misali. Yarinya ta ɗauki kemistiri zango 2 tana 'yar shekara 16, yunit 8, ta samu C a duka biyun saboda ga aikin sakandare, ga hidimar gida, ga ba ta saba da saurin kwaleji ba. Daga baya ta shiga jami'a ta nutsu, ta yi ƙarin yunit 52 na kimiyya, ta ci A a kowanne, babu ko ɗaya da ya kuɓuce. GPA ɗinta na kimiyya zai tsaya a 3.73. Wannan kuwa kusan shi ne matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka, domin nasu na kimiyya yana wajen 3.7, na gaba ɗaya kuma yana dab da 3.8. Wato shekara 4 na karatu ba kuskure sun kai ta tsakiyar layi ne kawai. A sana'ar da mutum sama da 50,000 ke nema a shekara, a ɗauki kimanin 23,000, tsakiyar layi ba wurin sakin jiki ba ne. Gaskiya ne fom ɗin yana nuna maki shekara-shekara, har da layi na musamman ga abin da aka yi a sakandare, don haka mai tantancewa zai ga cewa tuntuɓen na ƙuruciya ne kuma an miƙe. Sai dai kafin ido ya kai ga wannan layin, lamba ce ke fara magana.

A nan ne bambanci yake tsakanin wannan hanya da jarrabawar AP, wadda 'yan sakandare ke yi don jami'a ta yafe musu wasu kwasa-kwasai. In ka yi AP ba ka ci da kyau ba, ba ya taɓa GPA ɗinka na kwaleji. Kwas ɗin kwalejin al'umma kuwa rubutu ne a kan dutse. Yawancin masu ba da shawara a sakandare hankalinsu na kan shigar da yaro jami'a ne, ba kan fom ɗin da zai cike bayan shekara 6 ba, shi ya sa ba kasafai suke faɗa wa iyaye wannan ba.

Matsala ta biyu ita ce kallon da makarantun likitanci ke yi wa kwasa-kwasan. Babu doka guda. Da yawa suna karɓa ba tare da wani sharaɗi ba, wasu su ce sai sun duba yanayin kowane mutum, wasu su karɓa amma su nuna sun fi son na jami'a. Wasu kuma, irin su Stanford, sun daina tilasta jerin kwasa-kwasai, suna duba ko mutum ya iya abin ne. AAMC na da kundin da ake kira MSAR inda kowace makaranta ke bayyana matsayinta, kuma duba shi kafin rajista ya fi jin ta bakin maƙwabci.

Amma abin da aka rubuta daban, abin da ke faruwa a ɗakin tantancewa daban. A 2014 likita Efrain Talamantes da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Academic Medicine, bisa bayanan masu neman shiga na 2012. Sun gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ɗauka sun taɓa bi ta kwalejin al'umma ta wata fuska, ko suna sakandare, ko kafin jami'a, ko bayan digiri. Wato hanyar ba baƙuwa ba ce. Amma waɗanda suka fara da ita bayan sakandare sannan suka koma jami'a, damarsu ta samun gurbi ta fi ƙanƙanta, ko da an daidaita makinsu da na sauran. Kuma su ɗin ne suka fi nuna niyyar yin aiki a yankunan da ke fama da ƙarancin likitoci. Wannan abin takaici ne, kuma ban ga dalilin sakaya shi ba: ƙasar da ke kukan rashin likita a karkara da unguwannin talakawa tana tankaɗe mutanen da suka fi son zuwa can, saboda sunan makarantar da aljihunsu ya kai su. An fara gyara, musamman a Kalifoniya, inda aka kafa shirye-shiryen da ke riƙo hannun ɗalibi daga kwalejin al'umma har makarantar likitanci. Amma mai nema a yau da duniyar da ke akwai zai yi mu'amala, ba wadda ta kamata ba.

Abin da mai tantancewa ke ƙoƙarin ganewa shi ne dalili. Ɗalibin da ya yi shekara 2 a kwalejin al'umma saboda kuɗi ko don yana kula da iyaye, ya koma jami'a ya ɗauki bayokemistiri da ilimin ƙwayoyin gado da fiziyoloji ya ci su da kyau, labarinsa a bayyane yake, har ma abin yabo ne. Wanda kuwa yake cikin babbar jami'a, amma da lokacin oganik kemistiri ya zo sai ya sulale ya yi shi a kwalejin garinsu lokacin hutun bazara, to an san abin da ya guje wa. Kwas iri ɗaya, makaranta iri ɗaya, fassara biyu. Ɗan sakandare yana tsakanin waɗannan: ba wanda zai zarge shi da gudu, amma kowa zai jira ya ga abin da ya ɗora a kai. In ya kwashe duk kimiyyarsa kafin ya kai 18, sannan ya yi digiri a fannin da babu kimiyya, ya bar kwamitin tantancewa ba shi da wata shaida ta kwanan nan da zai auna shi da ita.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki yadda ake mance ta. Jarrabawar shiga makarantar likitanci, MCAT, zama ne na kusan awa 7 da rabi, kashi 4, maki daga 472 zuwa 528, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka yana tsakanin 511 da 512. Tun gyaran 2015 ta ƙunshi bayokemistiri sosai, da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Galibi a shekara ta uku ta jami'a ake yin ta, ko bayan haka. Wanda ya yi fiziks yana ɗan 16 zai zauna mata ne bayan shekara 4 ko 5, lokacin da dokokin lantarki da na ruwa sun bi iska, sai ya koma ya koya wa kansa daga farko. In ya ce bari ya yi jarrabawar da wuri tun abin na kansa, sai ya ci karo da wata ƙa'idar: yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara 2 zuwa 3. Wasu ma suna sa wa su kansu kwasa-kwasan wa'adi, su ce wanda ya daɗe sai an sabunta.

Kuma ko an gama digiri da wuri, me aka samu? Matsakaicin shekarun masu shiga makarantar likitanci a Amurka yana wajen 24, domin da yawa suna tsayawa shekara guda ko fiye bayan digiri suna aiki a asibiti ko ɗakin bincike. Ɗan shekara 20 da ya zo da digiri a hannu zai tsaya layi ɗaya da wanda ya yi shekara 2 yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya, da wadda sunanta ya fito a takardar bincike. In kana sammako, wani a tafe ya kwana. Kwamitin yana son ganin sa'o'in da ka yi kusa da marasa lafiya, da aikin sa-kai, da wasiƙun malaman kimiyya da suka san ka sosai. Duk waɗannan lokaci suke ci. Wanda ya shiga jami'a da yunit 60 a hannu ya taƙaita wa kansa zaman da zai ƙulla wannan alaƙa, kuma ya faɗa ajin manya tun ranar farko, bai san ko ina ɗakin karatu yake ba. Mai son gajeriyar hanya ta gaskiya, akwai shirye-shiryen da ke haɗa digirin farko da na likita tun daga sakandare, kamar na shekara 6 a Jami'ar Missouri da ke Kansas City, sai dai gurabensu kaɗan ne ƙwarai.

Akwai kuma ƙananan ramuka da ke cinye kuɗi da zango. Kwalejoji da yawa suna da kemistiri iri biyu, ɗaya na masu karanta kimiyya, ɗaya na masu shirin aikin jinya da makamantansu, kuma na biyun ba ya biyan buƙatar makarantar likitanci. Raba kwas mai zango 2 tsakanin makarantu biyu kan bar giɓi, domin ba lallai inda wannan ta tsaya nan waccan ta tashi ba. Wanda ya yi rajista a kwaleji bayan ya gama sakandare, jami'o'i da yawa za su ɗauke shi a matsayin mai sauya makaranta, ba sabon shiga ba, kuma hakan kan raba shi da tallafin da aka ware wa sababbi. Wanda ya yi kwas ɗin yana sakandare galibi bai shiga wannan ba.

Ga iyalan Hausawa da ke zaune a Bronx ko Houston ko Maryland, da masu shirin zuwa, akwai wani ɓangare da ya shafe su kai tsaye. AMCAS ba ta tantance takardar sakamakon jami'o'in ƙasashen waje, kuma yawancin makarantun likitanci suna son a yi aƙalla wani kaso na karatun a Amurka ko Kanada. Don haka mai digirin bayokemistiri daga Kano ko Yamai ko Kumasi da ke son MD a can sau da yawa sai ya sake zama a aji, kuma kwalejin al'umma ce mafi arahar wurin farawa. A wurinsa ba yanke ba ce, gada ce da babu makawa sai an bi. Amma in ba shi da takardar zama ta dindindin, hanyar ta fi tsauri: makarantun da ke ɗaukar baƙi ba su da yawa, ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, kuma wasu sai ya nuna kuɗin shekarun karatun tun kafin ya fara. Kada kuma a ɗauka abin kamar IJMB ne, inda cin jarrabawa ke tsallakar da mutum zuwa aji biyu a jami'a. A Amurka babu kwas ɗin kwalejin al'umma da ke rage ko kwana ɗaya daga shekara 4 na makarantar likitanci. Abin da yake ragewa daga digirin farko ne kawai.

Da za a tambaye ni yadda za a ci ribar ba tare da an taka ƙaya ba, zan ce a fara da abin da ba ya tsufa kuma ba a jayayya a kansa: Ingilishi, lissafi, ƙididdiga, ilimin halayya, da kwasa-kwasan gama-gari da kowace jami'a ke tilastawa. A tuna dai lissafi da ƙididdiga suna shiga GPA na kimiyya, don haka su ma ba na wasa ba ne. In yaro ya nuna ƙarfi, ya ɗauki kimiyya guda a zango guda, bayoloji ko kemistiri na farko, a cikakken zango na mako 15 ko 16, ba a matsattsen zangon bazara ba. A rubuta ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas a manna a bango, domin alamar janyewa tana fitowa a takarda amma ba ta shiga lissafin maki, C kuwa tana shiga. Oganik kemistiri da bayokemistiri a bar su sai an matso kusa da MCAT, a jami'ar da za ta ba da digirin. Wanda kuma kuɗi ya tilasta masa yin shekara 2 cur a kwalejin al'umma, ya yi su duka a can ba tare da jin kunya ba, ya tabbatar tun farko cewa jami'ar da yake hari tana da yarjejeniyar karɓar kwasa-kwasan, sannan in ya isa ya ɗora manyan kwasa-kwasan kimiyya a kai. Gurbin da yunit ɗin farko suka buɗe masa a jadawali kuma kada ya yi amfani da shi wajen ficewa da wuri. Ya zuba shi a ɗakin bincike, ko a asibitin unguwa, ko a aikin da zai rage masa bashi.